Albasar Galmi a rukuni huɗu: yadda ake raba fannonin kimiyya a gasar binciken ɗalibai

A ce ɗalibar lise a Tawa ta yi wata uku tana bin albasar da aka adana a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, tana ƙirga wadda ta ruɓe, tana awon wadda ta rage. Ranar cika takardar shiga gasar bincike sai ta tarar da layin da ya ce ta zaɓi rukuni. Noma za ta rubuta, ko ilimin halittu, ko ƙere-ƙere, ko tattalin arziki? In ta zaɓi wanda bai dace ba, me za ta rasa?

Wannan tambaya tana tasowa duk lokacin da wata makaranta, ko kulob ɗin kimiyya, ko wata ƙungiya ta buɗe gasa irin wannan a Yamai ko a jihohi. Sai dai ba a cika yin ta a kan kari ba. Bayan an raba kyaututtuka ake jin gunaguni: iyaye su ce an fifita masu mutum-mutumi da kwamfuta, malamai su ce alƙalai ba su gane aikin yaransu ba, ƴan seri A, masu karatun adabi, su ce dama gasar ta ƴan seri C ce, masu lissafi da fizik. Wani gunagunin yana da tushe. Amma da yawa daga cikinsa ya samo asali ne tun ranar da aka cika takardar nan, saboda ɗalibi da malaminsa sun ɗauki zaɓen rukuni a matsayin cika ƙa'ida kawai.

Gasar bincike daban, gasar jarrabawa daban

Mutane kan haɗa iri biyu na gasa. Akwai irin ta olimpiyad, kamar gasar lissafi ta duniya da aka fara a Romaniya a 1959, ko ta ƙasashen Afirka da aka fara a Rabat a 1987. A can kowa tambaya ɗaya ake ba shi, a zaure ɗaya, cikin sa'o'i ƙididdigaggu, kuma masu gyara sun riga sun san amsar.

Gasar bincike ba haka take ba. Ɗalibi ne ke zuwa da tambayarsa, kuma babu wanda ya san amsar kafin ya yi aikin. Zai kwashe makonni ko watanni yana gwaji, yana rubuta komai a littafi, sa'annan ya tsaya gaban alƙalai ya kare abin da ya gano. To in yara ɗari suka zo da tambayoyi ɗari, wani kan sauro, wani kan batir, wani kan lambobi, dole a kasa su kashi-kashi kafin a yi hukunci. Kowane kashi shi ne rukuni. Rukunin da ɗalibi ya shiga shi ke yanke wanda zai yi masa alƙalanci, da waɗanda zai kara da su, da ma'aunin da za a ɗora aikinsa a kai. Dillalin raƙuma ba shi ake kira ya yi wa kaza kuɗi ba, ko da ya shekara talatin a kasuwar dabbobi.

Wa ya yanka layukan da suka raba rukunan?

Mutane ne, kuma kowa ya yanka gwargwadon buƙatarsa. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD, a littafin ƙa'idojinta na ƙididdigar bincike wanda ya samo asali daga wani taro a garin Frascati na Italiya a 1963, tana kasa ilimi gida shida: kimiyyar halitta da ta haɗa lissafi da fizik da shimi da ilimin rayayyu, sai injiniyanci, sai likitanci, sai noma da kiwo, sai ilimin zamantakewa, sai adabi da tarihi da danginsu. Hukumar CAMES, wadda ke tantance malaman jami'o'in ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, kuma wadda aka aza harsashinta a nan Yamai a 1968, tana da nata kwamitocin: lissafi da fizik da shimi a ɗaki guda, ilimin halittu da noma a ɗaki guda, likitancin mutane da na dabbobi tare. Babbar gasar binciken ɗaliban sakandare ta duniya kuwa, ISEF, da ake yi a Amurka tun 1950, rukunanta sun haura ashirin. A can ilimin rayayyu kaɗai an tsaga shi zuwa na dabbobi, na tsirrai, na ƙananan halittun da ido ba ya gani, na ƙwayar halitta, da wanda ake yi da kwamfuta. Mu kuma da muka taso da bak, abin da ke kanmu shi ne A da C da D, da darasin PC, wato fizik da shimi, da na SVT, wato ilimin rayayyu da na ƙasa.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi sauran gaskiya. Ko manyan masana ba su tsaya cikin layi ba. Marie Curie ta karɓi kyautar Nobel ta fizik a 1903, ta karɓi ta shimi a 1911. A 2024 kyautar fizik ta je wa masu aikin da aka gina ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta a kansa, har wasu masanan fizik suka yi ta tambayar ko wannan fanninsu ne. A gida ma muna da misali: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne, amma da ya karɓi jagorancin ofishin makamashin rana na ONERSOL a 1969, abin da ya fito daga can har da tukwanen dumama ruwa da murhun rana, wato aikin injiniya tsantsa.

Tambaya ce ke zaɓen rukuni

A nan ne kuskure ya fi yawa. Ɗalibi yakan dubi abin da ke hannunsa ya zaɓi rukuni da shi: albasa ce, to noma, waya ce, to kwamfuta, ruwa ne, to muhalli. Alƙali kuwa ba abin da ke kan tebur yake kallo ba. Yana so ya ji me aka tambaya, kuma me aka auna.

Mu tsaya kan albasar. Kowa a Galmi da Ƙonni da Madawa ya san cewa lokacin girbi kasuwa na cika, kuɗin buhu ya faɗi, bayan wasu watanni kuma ya hau. Wanda ya iya ajiya shi ke cin riba, kuma ruɓewa ce ke hana ajiya. Ɗalibai huɗu za su iya shiga rudu ɗaya su fito da aiki huɗu.

Ta farko tana son sanin ko albasar da aka daina yi wa ban ruwa da wuri kafin cira ta fi daɗewa. Ta raba fangali, ta bambanta lokacin tsayar da ruwa, ta ajiye kowane kashi daban, tana ƙirga ruɓaɓɓu duk mako. Wannan ilimin tsirrai ne, ko noma in gasar tana da rukunin. Na biyu ya lura da baƙar funfunar da ke fitowa a ƙarƙashin ɓawo, yana son sanin wace iri ce, kuma a wane zafi da laima take yaɗuwa. Shi ya faɗa ilimin ƙananan halittu, kuma zai buƙaci labo. Ta uku ba ta tambayi me ya sa albasa ke ruɓewa ba, ta riga ta yarda zafi da rashin iska ne. Ta gina ƙaramin rudu mai ɗagaggen gindi da ƙofofin iska, ta gwada shi kusa da na gargajiya, ta gyara, ta sake gwadawa. Ita injiniya ce. Na huɗu bai ma taɓa albasar ba. Ya bi manoma yana tambayar me ya sa suke sayarwa tun a bakin gona alhali sun san kuɗi zai hau, sai ya tarar da zancen bashin taki da na man injin ban ruwa, ya kwatanta shi da farashin kowane wata. Nasa ilimin zamantakewa ne da tattalin arziki.

Yanzu a ce ta ukun ta rubuta ilimin tsirrai saboda albasa tsiro ce. Za a zaunar da ita gaban malamin SVT, ya tambaye ta numfashin albasa bayan cira da abin da ke sa ta tsiro a ajiya. Ba za ta amsa da kyau ba, don ba abin da ta bincika ke nan ba. Tambayoyin da ta shirya musu, na kuɗin gini da zagayawar iska da nauyin da rudun zai iya ɗauka, babu mai yi mata su. Aikinta mai kyau ne, amma za ta tashi da maki kaɗan, ta koma gida tana ganin an zalunce ta.

Haka abin yake a ƙwayar zogale da ake dakawa a zuba a ruwan tabki don laka ta kwanta. Wanda ya tambayi nawa za a zuba a lita guda kafin ruwan ya washe, yana kusa da shimi. Wanda ya tambayi ko ruwan da ya washe ya rabu da ƙwayoyin cuta, ya koma ƙananan halittu, kuma tambayarsa muhimmiya ce domin washewar ruwa ba ita ce tsabtarsa ba. Wanda ya haɗa bokiti da yashi da gawayi ya yi matatar da gida zai iya amfani da ita, injiniyan muhalli ne.

Akwai hanya mai sauƙi da malami zai taimaki ɗalibi da ita. Ya ce masa ya faɗi aikinsa a jimla ɗaya, sa'annan ya nuna shafin littafinsa da ya fi cika da lambobi. Abin da lambobin nan suke aunawa, shi ne rukunin. In kuma har yanzu ana shakka, a tambaye shi: cikin malaman makarantar nan, wane ne zai iya kama ka in ka yi kuskure a aikin nan? Fannin wannan malamin shi za a rubuta.

Mai neman sani da mai neman mafita

Cikin duk layukan da ake yankawa, wanda na fi ganin nauyinsa shi ne wanda ya raba binciken kimiyya da aikin ƙira. Mai binciken kimiyya yana farawa da zato, ya shirya gwajin da zai iya ƙaryata zaton, ya ajiye kashin da bai taɓa ba don kwatanci, ya maimaita. In sakamako ya nuna zatonsa ba daidai ba ne, aikinsa bai lalace ba, ya gano wani abu. Mai ƙira yana farawa da matsala da sharuɗɗa: abin ya yi kaza, kada kuɗinsa ya wuce kaza, a iya gyara shi a garin. Shi ana tambayarsa ko abin ya yi aiki, sau nawa aka gwada, me aka sauya bayan gwajin farko.

Tukunya cikin tukunya misali ce mai kyau. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa a Najeriya ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na ƙafewa yana janye zafi, tumatir da yalo su ƙara kwana. Ɗalibin da ya auna yadda sanyin ke bambanta tsakanin bazara mai busasshiyar iska da damina mai laima, fizik yake yi. Wanda ya sauya faɗin tukunyar da irin yashin don mai sayar da kayan miya ta samu wadda ta fi riƙe sanyi da arha, ƙira yake yi. Buhun adana wake mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikinsa tare da masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, shi ma haka ne: gano cewa ƙwaro na mutuwa in iska ta ƙare masa bincike ne, samar da buhun da manomi zai iya saye kuma ƙira ce.

ISEF tana da takardar maki daban ga kowane ɗayan biyun nan, ko da yake jimlar ɗaya ce, maki 100. Abin lura a ciki shi ne hira da alƙali kaɗai maki 25 ce, allon nuni kuwa 10. Wato abin da ke kan yaro ya fi abin da ke kan tebur daraja. Gasar da ba ta raba ma'aunin biyu ba, ita ce ke haifar da ƙorafin da aka fi ji, domin na'urar da ke motsi da walƙiya kullum za ta fi jan ido a kan littafin da ke cike da awon tsawon karan hatsi.

Rukunan da ake rainawa

Ina jin takaicin yadda aka mayar da kimiyya ta zama waya da batir kawai a idon yaranmu. Yamai gari ne da ke da cibiyar AGRHYMET tun 1974, mai bin ruwan sama da amfanin gona na ƙasashen Sahel, ga cibiyar ICRISAT mai aikin hatsi a Sadore kusa da birnin, ga CERMES mai binciken cututtuka, ga LASDEL da ta yi suna wajen nazarin yadda jama'a ke hulɗa da asibiti da makaranta da hukuma. Mafi yawan aikin waɗannan wurare awo ne da kirge da tambayar mutane, ba mutum-mutumi ba.

Yaron ƙauye da ya kafa ma'aunin ruwan sama a gonaki biyar, yana rubutawa duk safiya har damina ta fita, ya nuna yadda ruwa ke bambanta tsakanin gonar da ke gabas da gari da ta yamma, ya yi aikin ilimin ƙasa da yanayi na gaske. Wanda ya kwatanta hatsin da aka shuka a ramin tassa mai taki, irin wanda manoman Illela da Badagishiri suka farfaɗo da faƙo da shi, da wanda aka shuka a fili haka nan, ba ya buƙatar lantarki ko sau ɗaya. Rukunin lissafi alli da allo kawai yake nema. Rukunin zamantakewa kuma ƙofa ce a buɗe ga ƴan seri A: me ya sa wasu iyaye ba sa ƙarasa ba yara maganin rigakafin zazzaɓin damina, yaya tafiya cin rani ke taɓa karatun ƙannen da aka bari a gida. Sharaɗin dai shi ne a yi shi da tsari, a san mutum nawa aka tambaya da yadda aka zaɓe su, kada ya zama ra'ayin ɗalibi da aka yi wa ado da lambobi.

Kowane rukuni da ƙa'idarsa

Wannan ɓangaren ana yawan tsallake shi, kuma shi ne mai haɗari. A ISEF duk aikin da ya shafi mutane, ko tambayoyi ne kawai, sai wani kwamiti ya amince kafin a fara, kuma yaro ƙarami sai da yardar iyayensa. Aikin dabbobi masu ƙashin baya yana da nasa sharuɗɗan. Renon ƙwayoyin cuta a gida haramun ne gaba ɗaya. Ya kamata masu shirya gasa a nan su ɗauki wannan da gaske, musamman a rukunin lafiya, inda ɗalibai ke sha'awar magungunan gargajiya. Nazarin abin da ke cikin ganyen bedi ko sabara abu ne mai kyau. Ɗalibin lise ya jiƙa ya ba ƙaninsa mai zazzaɓi ya sha don ya rubuta sakamako, wannan ba bincike ba ne, kuma gasar da ta karɓe shi ta koya wa yara mummunan darasi.

Rukuni da yawa ko kaɗan?

Masu son a yawaita rukunai suna cewa hakan ne adalci: kowa ya kara da tsaransa, alƙali ya zama gwani a abin da ke gabansa, kyauta ta isa hannu da yawa. Suna ƙarawa da cewa in muna fatan yaranmu su fita gasar ƙetare, gara su saba da tsarin can tun daga gida.

Masu son a taƙaita suna da hujjar da ta fi kusa da halinmu. Gasar da ta tara aiki arba'in ta kasa su gida ashirin, wani rukunin mutum biyu ne a ciki, kowa ya zo na ɗaya ko na biyu, wani rukunin kuma goma sha biyar na turereniya. Sa'annan ina alƙalan? A Yamai ana iya roƙon malaman jami'ar Abdou Moumouni da na makarantar injiniyoyi ta EMIG. A Tawa akwai jami'ar Djibo Hamani, amma ba kowane reshe ne za a samu gwaninsa a ranar da ake so ba, balle a Keita ko Abalak.

Akwai ra'ayi na uku, na masu cewa a bar fannoni a kasa gasar bisa matsalolin ƙasa: ruwa, abinci, makamashi, lafiya. Gasar matasa ta Stockholm da aka fara a 1997 haka take, ruwa kaɗai ne jigonta. Wannan tsari yana sa yaro ya dubi unguwarsu, kuma yana jawo masu ba da tallafi. Illarsa ita ce yana korar yaron da ke son lambobi don kansu ko taurari, kamar ba shi da wurin zama sai ya nuna wa zai ci abinci da aikinsa. Ƙasar da ke neman malaman lissafi ido rufe bai kamata ta yi wa irin wannan yaro haka ba.

Ni a ganina rukuni biyar ko shida sun ishi gasar jiha ko ta ƙasa: lissafi da kwamfuta, fizik da shimi, rayayyun halittu da lafiya, noma da muhalli, ƙira, sai zamantakewa. A raba ƴan kolej da ƴan lise. A ba masu ƙira takardar makinsu daban. In ana son girmama matsalolin ƙasa, a ware kyauta ta musamman da za ta ratsa dukan rukunan. Kwafo jerin Amurka yadda yake, da rukunan da ba a shiga sai da na'urorin miliyoyin kuɗi, zai mayar da gasar ta makarantu ƙalilan na babban birni da ƴaƴan masu hanyar shiga labo.

Abin da ya rage ga iyaye da masu shiryawa

Uba ba ya buƙatar kashe jika hamsin a kan kayan haɗa na'ura don ɗansa ya shiga gasa. Abin da yaro ya fi buƙata shi ne littafin rubuta awo, da ma'auni, da izinin zuwa gona ko kasuwa a kai a kai, da wanda zai saurare shi yana bayani. Kayan da aka sayo a haɗe, ko aikin da wani babba ya yi aka ɗora sunan yaro, tambaya biyu ko uku a hirar alƙalai ke tona su.

Masu shirya gasa kuma su fitar da jerin rukunan tun farkon shekarar karatu, kowanne da bayanin layi biyu da misalai daga abin da yara suka sani, da Faransanci da harsunan gida. Su nemi taƙaitaccen bayanin kowane aiki makonni kafin ranar gasa, wani malami ya karanta, in ya ga an shiga rukunin da bai dace ba ya kira ɗalibin da malaminsa a sauya tun kafin a raba alƙalai. Aikin da ya tsaya tsakanin rukuni biyu, kamar manhajar waya mai gane cutar ganyen tumatir, a zaunar masa da alƙali ɗaya daga kowane ɓangare.